Allurar Zinariya da Idon Mao Zedong

Duk wanda ya taɓa ganin hoton ɗakin kwanan Mao Zedong, jagoran ƙasar Sin na wancan zamani, a Zhongnanhai, fadar shugabannin ƙasar Sin da ke tsakiyar birnin Beijing, gadon ne zai fara tsaya masa a rai. Faffaɗan gado ne na katako, gefe ɗaya na kwanciya, ɗaya gefen kuwa littattafai ne jibge, wasu a buɗe, wasu da 'yan takardu soke a tsakiyarsu. A kishingiɗe yake karatu, yana yi yana rubutu a gefen shafi. To, mai irin wannan hali ne ido ya fara yi wa gardama a shekarar 1974. Aka riƙa buga masa littattafai na musamman da manyan haruffa, suka yi amfani na ɗan lokaci, daga baya su ma suka koma hazo. A watan Mayu na 1975 sai da aka ɗauko wata malamar adabi daga Jami'ar Peking mai suna Lu Di, aikinta kawai ta zauna ta karanta masa tsofaffin waƙoƙi da tarihi. Takardun mulki ma sai an karanta masa. Mutumin da ke riƙe da ƙasa mai jama'a fiye da miliyan 900, ga shi ba ya iya tantance fuskar wanda ke tsaye a gabansa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari shi ne yadda maganar maganin Sinawa ta yi yawa a bakin masu talla. Za ka ji ana cewa a can ba a fiɗar ido, allurai kawai ake tsira wa tsoho ko a ba shi 'yan ƙwayoyin itatuwa, ganinsa ya dawo. To ga majinyacin da babu wani malamin maganin gargajiya a faɗin ƙasar Sin da ba zai amsa kiransa da gudu ba, kuma babu saiwar da za a ce ta yi masa tsada. Shi ne da kansa ya rubuta a 1958 cewa maganin gargajiyar ƙasarsa babbar taska ce da ya kamata a tono. Idan akwai inda ya dace a ga iyakar ƙarfin wannan magani a kan idon tsoho, nan ne.

Ciwon da mai ciwon

Binciken likitoci bai zo da abin mamaki ba: yanar ido ce ta tsufa, ta kama idanu biyu. A bayan baƙin ido akwai wata 'yar ƙwaya mai siffar ƙwayar wake da aka ɗan danne, garau take kamar ruwan rijiya, wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da ita ta kowane gefe. Ita ke tattara haske ta saukar da shi kan tantanin gani da ke can ƙuryar ido. Idan shekaru suka ja, furotin da aka gina ta da shi yakan dunƙule, ta fara dishi-dishi, ta yi ruwan toka, a ƙarshe ta yi fari fat kamar an ɗiga nono. Sunan da muka ba ciwon yana sa mutum ya zaci wani abu ne ya shimfiɗu a kan ido daga waje, kamar yanar kunu da za a iya yayewa. A gaskiya ƙwayar ce da kanta ta sauya, kamar yadda farin ƙwai ke sauyawa idan ya sha wuta. Shi ya sa babu abin da za a ɗiga ko a sha ya mayar da ita yadda take.

Ciwon kansa ba baƙo ba ne ga likitoci. Mai ciwon ne matsalar. Mao yana da shekara 81, huhunsa ya daɗe da rauni, tari ba ya barinsa, zuciya ma ba lafiya, jijiyoyin jikinsa sun fara saki har magana da haɗiya suna yi masa wuya. Aikin yanar ido da asibitoci ke yi a wancan zamani kuwa babban aiki ne. Ana yanka kusan rabin da'irar baƙin ido, a zaro ƙwayar ɗungurungum, a ɗinke, sannan majinyaci ya kwanta shiru na kwanaki. Idan tari mai ƙarfi ya kama mutum ido yana buɗe, ko ɗinki bai kama ba, abin da ke cikin ido na iya bulbulowa waje, ko jini ya ɓalle, shi ke nan an yi asarar idon. Wane likita ne zai so hakan ta faru a hannunsa, a kan wannan mutum, a shekarun da kuskure ƙarami kan jefa ƙwararre a gidan kaso?

Abin da ke cikin akwatin gargajiya

Likitancin gargajiyar Sin yana da dogon bayani a kan ido, kuma bayani ne mai tsari. Tun a littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa kimanin shekara 2000 da suka wuce, an ce ido taga ce ta hanta. Malaman baya suka raba ido gida biyar, kowane gida da gaɓar da ke mulkinsa: ɗan ramin tsakiya na ƙoda ne, baƙin ido na hanta, farin ido na huhu, kusurwoyi na zuciya, fatar ido ta saifa. Dishewar gani a tsufa, a wurinsu, alama ce ta ƙarfin hanta da ƙoda ya ragu, don haka magani shi ne a ciyar da su. Daga nan ne shahararrun haɗe-haɗensu suka fito, irin su Qi Ju Di Huang Wan, wanda ake sa wa jajayen 'ya'yan itacen goji da wani fure mai suna juhua. Akwai kuma wuraren tsira allura: Jingming a kusurwar ido ta wajen hanci, Chengqi a ƙasan ido, Taiyang a gefen goshi, Fengchi a ƙeya, har da wani a ƙwauri da ake kira Guangming, ma'ana haske.

Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne ɗaya daga cikin manyan magungunan idonsu, juemingzi, ba komai ba ne illa 'ya'yan tafasa, wannan dai tafasar da ke tsirowa a bakin hanya da damina muna yin kwaɗo da ganyenta. Kuma tun ƙarni na 9 an sami wanda ya gwada ta ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Mawaƙin daular Tang, Bai Juyi, wanda ya rayu daga 772 zuwa 846, ya sha fama da ciwon ido, ya kuma rubuta waƙa a kai. A ciki ya koka cewa littafin maganin ido yana shimfiɗe a kan teburinsa a banza, ƙwayoyin tafasa suna cikin akwati ba su tsinana komai ba, abin da ya rage masa fata shi ne a gwada masa allurar zinariya.

Wannan allurar zinariya ba ta tsirawa a fata ba ce. Kayan fiɗa ce. Ana soka ta ta farin ido, a tsinke zaruruwan da ke riƙe da ƙwayar da ta yi fari, a tura ƙwayar ƙasa ta nutse cikin ruwa mai kauri da ya cika bayan ido. Da ta kauce daga hanya sai haske ya shiga. Asalin dabarar ma ba ta Sin ba ce. Daga Indiya ta shigo tare da malaman addinin Buddha, kuma littafin Waitai Miyao na shekarar 752 ya kawo bayaninta yana jingina shi ga Indiyawa. Likitocin Musulmi ma sun san ta sarai, har Ammar al-Mausili, wanda ya yi aiki a Masar wajen shekarar 1000, ya ƙera allura mai rami don zuƙo yana mai laushi maimakon tura ta ciki. A ƙarni na 18 wani likitan Sin, Huang Tingjing, ya tsara aikin mataki takwas. Wato su kansu malaman gargajiyar sun daɗe da sanin cewa idan yana ta nuna, saiwa da tsira allurai sun gama nasu, sai ƙarfe.

Tang Youzhi

Wanda aka ɗora wa nauyin shi ne Tang Youzhi na Asibitin Guang'anmen, haifaffen Hangzhou a 1926. Tarihin karatunsa shi ne mabuɗin wannan lamari gaba ɗaya, kuma shi ne abin da masu talla ba sa faɗa. Ya fara ne da almajiranci a Shanghai a hannun wani sanannen likitan ido na gargajiya, Lu Nanshan. Daga nan ya shiga Kwalejin Likitanci ta Beijing a 1952, ya yi shekara biyar yana karatun likitancin zamani, ya koyi ginin jiki a kan gawa, ya koyi fiɗa da tsabtar ɗakin fiɗa. Da ilimin nan biyu a hannunsa ya koma kan tsohuwar allurar, ya tambayi abin da magabata ba su da kayan tambaya: me ya sa take makantar da mutane da yawa bayan ta buɗe musu ido?

Ya yi gyara a wurare masu muhimmanci. Ya tsayar da wurin shiga, wani ɗan fili a farin ido kimanin milimita 4 daga gefen baƙin ido, inda jijiyoyin jini ba su da yawa kuma allura ba za ta yaga tantanin gani ba. A lokacin likitoci da dama suna ɗaukar yankin wuri mai haɗari. Yau ta nan ne likitocin ido a duk duniya ke shigar da kayan aiki idan za su yi fiɗa a bayan ido. Ya gano yadda za a rage hauhawar matsin ruwan ido da ke biyo bayan aikin. Ya ƙera kayan aiki na ƙarfe da ake kashe wa ƙwayoyin cuta, yana amfani da allurar kashe zafi ta asibiti. Har ya ƙirƙiro wata 'yar jaka da ake zira ta a kamo ƙwayar a fito da ita waje, don shi ma ya san barinta a ciki ba alheri ba ne. Kafin a kira shi fada ya yi wa dubban tsofaffi aiki, da yawa a ƙauyukan kudancin ƙasar.

Ko da haka ba a yarda da baki kawai ba. An tara tsofaffi masu yanar ido, masu shekaru da rauni irin na Mao, aka yi wa wasu aikin zamani, wasu aikin allura, aka zuba ido a ga yadda kowa zai tashi. Abin da ya rinjayar da shawara a fili yake. Ramin allura ƙarami ne, ba ya buƙatar ɗinki, aikin na mintuna kaɗan ne, tari ba zai fasa shi ba. Sannan akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. A Beijing ta 1975 ba a fara dasa ƙwayar roba a ido a matsayin aikin yau da kullum ba, duk da cewa Harold Ridley ya fara dasa ta a Landan tun 1949. Saboda haka ko an zaro ƙwayar ko an tura ta ƙasa, majinyaci zai tashi ne ba ƙwaya, dole ya sa tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ta wannan fuska hanyoyin biyu kunnen doki suke. A ganina, a kan wannan majinyaci kuma a wannan shekara, zaɓin da aka yi zaɓi ne na hankali.

Saura shawo kan mai idon. Kamar yadda Tang ya riƙa ba da labari daga baya, Mao bai so a taɓa masa ido da ƙarfe ba, ya fi son a ba shi magani. Tang ya shafe watanni yana zuwa, yana lura da yadda yake tari, yadda yake kwanciya, yana jira. An ruwaito cewa da waccan waƙa ta Bai Juyi ya samu kansa, domin mutum ne da za ka fi saurin shiga zuciyarsa ta ƙofar waƙa fiye da ta ƙofar lissafin likita.

Daren 23 ga Yuli

An mayar da wani ɗaki a masaukin Mao ɗakin fiɗa. A daren 23 ga Yuli, 1975, aka shigo da shi. Firayim Minista Zhou Enlai, wanda shi kansa ciwon daji na mafitsara ya riga ya ci ƙarfinsa, ya taso daga gadon asibiti ya zo ya jira a waje tare da mataimakinsa Deng Xiaoping. Mao ya ce a sa masa kiɗa, aka sa rera waƙar Man Jiang Hong da ake jingina wa Yue Fei, wani jarumin yaƙi na ƙarni na 12. Idon hagu aka yi wa aiki. Bai kai rubu'in awa ba aka gama, aka naɗe da bandeji.

Tang ya ce cikin daren Mao ya farka ya nemi takarda da fensir, ido a rufe, ya rubuta masa wasu baitoci na marubuci Lu Xun waɗanda kalmomin sunan Tang, you da zhi, suka fito a cikinsu, ya ba shi kyauta. Ya kuma ce majinyacin bai yi haƙurin kwanakin da aka ɗiba masa ba, ya matsa a kwance bandeji ya koma karatu. Da yake a kwance yake karatu, wani lokaci ta dama wani lokaci ta hagu, sai aka yi masa tabarau guda biyu masu ƙafa ɗaiɗai, don kada ƙafar ta danne masa gefen fuska a kan matashi. Wata rana Tang yana zaune a ɗakin sai ya ji kuka. Ya tashi a firgice yana tsoron idon, ya tarar tsohon yana riƙe da littafi, wata waƙa ta zamanin daular Song ce a kan ƙasa da ta rabu gida biyu ta sa shi hawaye. Ban san wata shaida da ta fi wannan nuna cewa aiki ya yi kyau ba: mutumin da wata biyu baya sai an karanta masa, yau rubutu ya shiga idonsa har ya taɓa zuciyarsa.

Da wannan ido ɗaya ya karɓi Sakataren Harkokin Wajen Amurka Henry Kissinger a watan Oktoba, da Shugaba Gerald Ford na Amurka a Disamba, da tsohon shugaban Amurka Richard Nixon a Fabrairun 1976. Ba a kai ga yi wa idon dama aiki ba. Ya mutu ranar 9 ga Satumba, 1976, wata 13 da rabi bayan aikin. Wannan lissafi yana da muhimmanci, domin sharrin ƙwayar da aka bari tana yawo a cikin ido yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Abin da ya dace da tsoho mai shekara 81 da cututtuka suka yi wa taron dangi, ba shi ne ya dace da manomi mai shekara 55 da ke fatan ganin auren jikokinsa ba.

Tang ya yi tsawon rai, an ba shi lambar babban malamin likitancin gargajiya na ƙasa a 2009, ya rasu a 2022. Amma aikin da ya yi suna da shi ya riga shi barin fage. Da injin farfasa yana da Charles Kelman ya ƙirƙiro a 1967 ya yaɗu, ga kuma ƙwayar roba da ake dasawa, sai ya zama ana samun ƙaramin rami da gajeren lokaci ba tare da an bar komai a cikin ido ba. Asibitin ido na cibiyar likitancin gargajiya da ke Beijing, wanda Tang na cikin waɗanda suka assasa shi, yau da wannan hanyar zamani yake cire yana.

Allura biyu da ake rikitawa

To ina matsayin akufanca, wato tsira siraran allurai a fata, a kan sauran cututtukan idon tsufa? Biyu ne suka fi damun mutane bayan yana. Akwai lalacewar makula, ɗan wurin nan na tsakiyar tantanin gani da muke karatu da gane fuska da shi. Akwai kuma gilakoma, wadda muke kira hawan jinin ido, mai cinye jijiyar gani a hankali daga gefe ba tare da ciwo ba, kuma ta fi tsananta a kan baƙar fata.

An yi gwaje-gwaje da yawa, galibinsu a Sin, kuma da dama sun ba da rahoton sauƙi. Matsalar ita ce ƙanana ne, na ɗan lokaci ne, kuma a mafi yawansu majinyaci da mai aunawa duk sun san wa aka tsira wa allura. Gwajin karanta haruffa a allo abu ne da ke hawa da sauka da gajiya, da hasken ɗaki, da ƙwarin gwiwa, da yawan maimaitawa. Masu bitar bincike na Cochrane, ƙungiyar duniya mai tace hujjojin likitanci, sun duba batun gilakoma fiye da sau ɗaya, suka ce hujjar da ke ƙasa ba ta isa a yanke hukunci cewa allurar tana amfani ba. Inda aka fi ganin ɗan alamar amfani shi ne bushewar ido, kuma tsohon da idonsa ya daina raɗaɗi da ƙaiƙayi zai ce maka ganinsa ya ƙaru, ba ƙarya yake yi ba. Goji ma yana ɗauke da sinadarin zeaxanthin wanda makula ke tarawa, kuma wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2021, a kan mutum 27 masu lafiya, ya nuna launin makularsu ya ƙaru bayan kwana 90 suna ci. Abinci ne mai kyau. Ba a nuna ya dawo da ganin da ya tafi ba.

A ɗaya ɓangaren, babban binciken AREDS na Amurka ya nuna a 2001 cewa wani haɗin bitamin da zinc yana rage haɗarin tsanantar ciwon makula da kusan kashi 25 cikin 100 ga waɗanda ciwonsu ya kai matsakaicin mataki. Nau'in ciwon mai tsiyayar jini kuwa, tun 2006 akwai allurar ranibizumab da 'yan'uwanta da ake yi a cikin ido, masu tsayar da ɓarnar, amma sai an zo da wuri, domin makonni kaɗan na iya raba mai gani da makaho. Nan ne nake jin tsoron tallar nan. Allurar fata da wuya ta cutar da mutum in a hannun ƙwararre take, ko da yake an sha samun wadda ta huda ido kansa da aka tsira ta kusa da shi. Babbar ɓarnarta lokaci ne. Wata shida da mai gilakoma zai yi yana zuwa a tsira masa allura ya ajiye maganin ɗigawarsa, jijiyar da ta mutu a cikinsu ta tafi ke nan har abada.

Ba raina ilimin Sinawa nake yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga tazargade ya fito, ta hannun Tu Youyou wadda ta samo haske a wani tsohon littafinsu, ta kai shi ɗakin gwaji, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Hanyar da ta bi ita ce wadda Tang ya bi: a ɗauko na da, a auna shi, a riƙe abin da ya tsaya da ƙafarsa.

A zauren Kawu

Dalilin da ya sa labarin nan ba ya barina shi ne ba a Beijing na fara ganin wannan allura ba. Yayan mahaifiyata malamin allo ne, kuma abin da ya fara gane ciwon da shi shi ne wasulla sun daina fita a Alƙur'aninsa na rubutun hannu, jan tawada da baƙi suka haɗe. Bayan kaka wani baƙo ya sauka a garin, aka ce yana buɗe ido nan take. Da hantsi aka zaunar da Kawu a tabarma a zaure, mutum biyu suka riƙe masa kai. Baƙon ya zaro wani siririn ƙarfe daga kube na fata, ya goge a gefen riga. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina jin numfashin Kawu. Can sai mutumin ya ɗaga yatsu ya ce, "Malam, nawa ne nan?" Kawu ya ce uku, ya fashe da kabbara, zaure ya ɗauka. Aka ba da akuya da kuɗi. Kwana uku baƙon ya ƙara gaba, ba wanda ya san garinsu.

Mako bai cika ba ido ya yi jawur, ciwon kai ya hana shi barci, har da amai. Aka yi ta tofi da ɗige-ɗige kusan wata biyu kafin muka kai shi birni. Likitar ta daɗe tana haska idon, sannan ta ce a hankali, "Baba, wannan kam sai haƙuri, matsin ruwa ya kashe jijiyar. Amma ɗayan, don Allah kada a bari kowa ya taɓa shi."

Kawu ba shi kaɗai ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, a kan mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, ita ke da kusan kashi 43 cikin 100. Daga cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 ture ƙwayar aka yi irin na gargajiya, kuma abin ya fi yawa a Arewa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗannan idanu a makance aka same su ranar bincike. Wasu ciwo ne ya cinye su, wasu kuwa tabarau mai kauri kawai suka rasa, domin mai turen ba ya ba da tabarau.

Dabara ɗaya ce da wadda aka yi wa Mao, amma dubi abin da ke kewaye da ita a can: likita mai ilimin ginin ido, kayan aiki masu tsabta, gwaji kafin aiki, masu auna matsin ido dare da rana bayansa, tabarau da aka auna. A zauren Kawu babu ko ɗaya. Kuma ba zan ɗora laifin a kan tsofaffinmu ba. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Mai turen yana zuwa har ƙofar gida, yana karɓar akuya ko buhun gero, ba ya neman kati ko kuɗin mota na mutum biyu, ba ya cewa a dawo wata mai zuwa. Asibitocin da ke yin aikin da kyau, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano, suna da nisa ga mutumin da ko kuɗin zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma sai ya sayar da wani abu. Muddin aikin kirki bai isa ƙauye ba, mai kube zai ci gaba da isa, kuma yanzu ga mai kwalaben ƙwayoyi masu rubutun Sinanci ya biyo sahunsa.

Idon Kawu na dama sai da ya ƙara shekara biyu kafin ya yarda a taɓa shi, don tsoro ya riga ya shige shi. A tsakanin nan wani ɗalibinsa ya kawo masa irin waɗancan kwalabe har guda uku, ya shanye su tas, yanar kuwa sai ƙara fari take yi. Ranar da aka yi aikin a asibiti, minti ashirin ne, aka dasa masa ƙwayar roba. Washegari da aka cire auduga bai ce komai ba sai da muka dawo gida. Ya ce, "Ɗan nan, miƙo min gafakar can." Ya zaro Alƙur'anin, ya karkata kai ta ɓangaren idon da ya rage, ya ɗora yatsa a kan layin farko, ya fara bin jan wasali ɗaya bayan ɗaya.